Me ya sa kwamfuta kan kasa ganin firinta maras waya?

Firinta maras waya, watau wadda ke karɓar aiki ta hanyar Wi-Fi, ta shiga gidaje da ƙananan ofisoshi ne da alƙawarin raba jama'a da tarin wayoyi a ƙarƙashin tebur.

To sai dai ta zo da nata ciwon kan. Firinta na kunne, akwai takarda, akwai tawada, amma kwamfutar da ke dab da ita ta ce sam ba ta san da zamanta ba.

Abin kuma kan faru a lokacin da aka fi matsuwa, kamar daren da ɗalibi ke neman buga takardarsa ta shiga jarrabawar JAMB, ko safiyar da mai neman biza zai bayyana a ofishin jakadanci da takardunsa.

Wasu kan kinkimi firintar zuwa wurin mai gyara, wasu ma kan haƙura su sayi sabuwa, alhali sau da yawa babu abin da ya lalace a jikinta. Gabatarwa ce kawai ba ta kammala ba tsakanin na'urorin.

Su uku ne a cikin maganar

Ko da kwamfuta da firinta suna kan tebur ɗaya, ba sa magana da juna kai tsaye. Duk saƙon da ya fita daga ɗaya sai ya bi ta na'ura ta uku, watau rauta, akwatin nan da ke rarraba Wi-Fi a cikin gida.

A gidaje da dama a Najeriya da Nijar, ƙaramar na'urar MiFi ta kamfanonin sadarwa ce ke wannan aiki, ko kuma wayar salular da ake raba intanet da ita.

Rauta dai tamkar mai unguwa take. Duk baƙon da ya iso sai ya gabatar da kansa, an tantance shi da kalmar sirri, sannan a ba shi lambar gida. Wanda bai sami lamba ba, babu mai iya kai masa saƙo.

Don haka kafin takarda ta fito, dole firinta ta shiga unguwar ta karɓi lamba, dole kwamfuta ta gano wannan lambar, daga nan kuma su fahimci harshen juna.

Matsala na iya tasowa a kowane mataki, amma saƙon da ke bayyana a allon kwamfuta kusan iri ɗaya ne. Wannan ne ke sa mutane ɓata sa'o'i suna cire manhaja suna mayarwa, alhali firintar ba ta ma shiga Wi-Fi ɗin ba tukuna.

Shi kansa intanet ba ya cikin wannan lissafi. Ko da data ta ƙare, muddin rauta na kunne, kwamfuta na iya tura wa firinta aiki, domin saƙon ba ya fita daga gidan. Inda aka sami bambanci shi ne firintocin da ke ƙarƙashin tsarin biyan kuɗin tawada wata-wata, irin su Instant Ink na kamfanin HP, waɗanda ke buƙatar su riƙa leƙa intanet.

A fara da tambayar firinta

Kusan kowace firinta maras waya na iya buga takarda ɗaya mai ɗauke da bayanin halin da sadarwarta ke ciki. A masu ƙaramin allo ana samun wannan a sashen saitin sadarwa, waɗanda ba su da allo kuma ana danna wasu maɓallai ne a tare, kamar yadda littafin da ya zo da na'urar ya bayyana.

Abubuwa biyu ake nema a takardar. Na farko sunan Wi-Fi ɗin da firintar ta shiga. Na biyu kuma adireshinta na IP, watau rukunin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, alal misali 192.168.1.25.

Idan adireshin ya fara da 192.168, ko da 10, to mai unguwa ya karɓe ta. Idan kuwa an ga 0.0.0.0, ko adireshin da ya fara da 169.254, to har yanzu tana waje. Shi 169.254 ma'anarsa ita ce firintar ta nemi lamba ba a amsa mata ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta wata, wadda sauran na'urorin gidan ba sa bi ta kanta.

Dalili mafi sauƙi shi ne kuskure a kalmar sirri. Shigar da ita ta ɗan allon firinta aiki ne mai gajiyarwa, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin rauta. Haka zalika, idan aka sauya sunan Wi-Fi ko kalmar sirrinsa, ko aka kawo sabuwar rauta, firinta za ta ci gaba da neman tsohon sunan har sai an sake gabatar da ita.

Dalili na biyu shi ne zango. Masu sauraren rediyo sun san cewa akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kama tashar da ke watsa shiri a can ba, komai ƙarfinta. Wi-Fi ma haka yake. Rautocin yanzu na watsawa a zangon gigahaz 2.4 da kuma na gigahaz 5, amma firintoci da yawa, musamman masu araha da tsofaffi, na 2.4 kaɗai suke ji.

Idan an kashe wannan zangon a rauta, firinta ba za ta ko ga sunan Wi-Fi ɗin ba. Wasu rautocin kuma kan haɗa zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, abin da kan ruɗa manhajar da ake gabatar da firinta da ita ta wayar salula. Maganin shi ne a raba sunayen biyu, ko a kashe na 5 na ɗan lokaci har a kammala.

Bayan an kammala, babu laifi idan kwamfuta na kan 5 firinta na kan 2.4, tun da rauta ɗaya ce ke riƙe da su. Na 2.4 ɗin ma ya fi ratsa bangon siminti, ko da yake ya fi cunkoso, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef duk a nan suke.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi masu sayen kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka. An raba zangon 2.4 zuwa tashoshi, kuma na'urorin da aka ƙera domin kasuwar Amurka kan tsaya ne a tasha ta 1 zuwa ta 11, yayin da rautar da aka ƙera domin Turai ko Afirka ke iya zaɓar ta 12 ko ta 13 da kanta. Ranar da ta yi hakan, firintar za ta daina ganinta ba tare da wani bayani ba. Kafe rauta a tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11 kan kawo ƙarshen wannan.

Irin waɗannan firintoci dai na da wani haɗarin da ya fi wannan, domin da yawansu an yi su ne domin lantarki mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, na Najeriya kuwa 230 ne. Ya kamata a karanta rubutun da ke bayan na'urar kafin a jona ta.

Sai batun makulli. A shekara ta 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da sabon tsarin kulle Wi-Fi mai suna WPA3, wanda ya gaji WPA2 na shekara ta 2004. Firintar da aka ƙera kafin lokacin ba ta san WPA3 ba, saboda haka rautar da aka saita a kansa shi kaɗai ba za ta buɗe mata ƙofa ba. Yawancin rautoci na da zaɓin da ke karɓar duka biyun.

Maɓallin WPS

Domin raba mutane da wahalar rubuta kalmar sirri aka ƙirƙiro WPS. Ana danna maɓalli a jikin rauta, a danna takwaransa a firinta cikin minti biyu, su gabatar da kansu.

To amma WPS na da wata hanya ta biyu mai amfani da lambobi takwas, kuma a watan Disamban shekara ta 2011 wani mai bincike kan tsaron kwamfuta, Stefan Viehböck, ya nuna cewa tana da ɓaraka. Rauta kan tantance lambobi huɗun farko daban, na ƙarshe kuma daga sauran ake lissafo shi, don haka maimakon miliyoyin gwaji, kimanin 11,000 sun isa mai kutse ya dace.

Tun daga nan masana tsaro ke ba da shawarar a kashe WPS idan ba a buƙatarsa. Amfani da maɓallin sau ɗaya domin shigar da firinta, sannan a kashe tsarin, ya fi dacewa da barinsa a buɗe.

Gwajin da ke raba gardama

Da zarar an tabbatar firinta na da adireshi, akwai gwaji guda da ya fi sauran amfani, kuma ba ya ɗaukar minti ɗaya. A buɗe manhajar shiga intanet, irin su Chrome ko Firefox, a rubuta adireshin firintar a inda ake rubuta sunan shafi.

Firintocin sadarwa na da ɗan shafinsu a ciki, mai nuna yawan tawada da saituna. Wani lokaci manhajar kan yi gargaɗin cewa ba ta amince da shafin ba, kuma wannan ba abin damuwa ba ne idan adireshin na cikin gida ne.

Idan shafin ya buɗe, to hanya lafiya lau take, matsalar na cikin kwamfuta. Idan ya ƙi buɗewa, to ko dai na'urorin biyu ba sa unguwa ɗaya, ko kuma an gina katanga a tsakaninsu.

A nan sai a duba adireshin ita kwamfutar. A Windows ana ganinsa ta rubuta umarnin ipconfig a baƙin allon nan na umarni, ko a sashen bayanin Wi-Fi. A sadarwar gida da aka saba, rukunin lambobi ukun farko dole su zo ɗaya. Kwamfuta mai 192.168.0.14 da firinta mai 192.168.8.103 ba maƙwabta ba ne, ko da kuwa suna ɗaki ɗaya.

Hakan kan faru a gidan da ke da hanyar intanet fiye da ɗaya. An gabatar da firinta ga MiFi, daga bisani data ta ƙare aka koma raba intanet daga waya, kwamfuta ta bi, firinta kuma tana can inda aka bar ta. Yana kuma faruwa idan aka jona rauta ta biyu domin Wi-Fi ya kai wani sashe na gidan, ita ma ta shiga rabon lambobi nata na kanta. Mai unguwa ya zama biyu ke nan. Gyaran shi ne a saita ta biyun ta zama mai miƙa Wi-Fi kawai, a bar rabon lambobi ga ta farko.

Wi-Fi ɗin baƙi ma tarko ne. An tsara shi ne musamman domin wanda ya shiga ya sami intanet amma kada ya ga kayan gidan, don haka firintar da aka sa a can, ko kwamfutar da ta shiga ta can, ta rabu da 'yar uwarta. Wasu rautocin da na'urorin MiFi na da irin wannan saitin na keɓe kowace na'ura daga sauran, har a babban Wi-Fi ɗin.

Masu aiki daga gida kuma su tuna da VPN. Wasu ma'aikatu kan saita shi ta yadda duk abin da ya fita daga kwamfuta sai ya bi ta ofis, har da saƙon da ake nufin firintar da ke gefen gado. Idan buga takarda na yiwuwa da zarar an kashe shi, to an gano bakin zaren.

Shelar da ba ta isa ba

Idan hanya a buɗe take amma sunan firinta bai fito a jerin da kwamfuta ke nunawa ba, to shela ce ba ta isa ba.

Firinta kan yi shela lokaci zuwa lokaci, kamar sanƙira, tana faɗin sunanta da adireshinta da irin aikin da ta iya. Kamfanin Apple ne ya yaɗa hanyar da aka fi amfani da ita, wadda ya fitar a shekara ta 2002 da sunan Rendezvous, ya sauya mata suna zuwa Bonjour a 2005. Kamfanin Microsoft ma na da tasa mai suna WSD, wadda ta zo da Windows Vista. Duka biyun shelarsu ba ta tsallake iyakar unguwa.

Ita kuma kwamfuta ba ko da yaushe take saurare ba. Windows na kasa kowane Wi-Fi gida biyu, na jama'a da na gida, waɗanda ke bayyana a allo da sunan Public da Private. A na jama'a kwamfuta kan ɓoye kanta ta rage saurare, kuma hakan daidai ne a otal ko filin jirgin sama. Sai dai Windows 11 kan ɗauki sabon Wi-Fi a matsayin na jama'a har sai an gaya mata akasin haka, saboda haka Wi-Fi ɗin gida na buƙatar a sauya masa matsayi da hannu.

Manhajojin riga-kafi da ke zuwa da katangar tsaro tasu kan toshe shelar su ma. Kashe katangar na minti ɗaya domin gwaji ba laifi, amma barinta a kashe saboda firinta ba dabara ba ce. Abin da ya dace shi ne a gaya mata cewa wannan Wi-Fi ɗin amintacce ne.

A wayoyin iPhone tun daga iOS 14 na shekara ta 2020, da kwamfutocin Mac tun daga macOS Sequoia na 2024, kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta leƙa na'urorin da ke cikin gida. Wanda ya ƙi ba da izinin cikin gaggawa, manhajar kamfanin firintar ba za ta ga komai ba sai ya koma saituna ya buɗe mata.

Idan duk wannan bai yi ba, ana iya tsallake shelar gaba ɗaya. A Windows 11, a sashen firintoci da ke ƙarƙashin Bluetooth da na'urori, idan aka nemi ƙara na'ura aka ɗan jira, zaɓin ƙarawa da hannu zai bayyana, kuma a cikinsa akwai wurin rubuta adireshin IP. A Mac ma, tagar ƙara firinta na da sashe mai alamar duniya inda ake rubuta adireshin.

Jiya ta yi aiki, yau ta ƙi

Wannan ne ƙorafin da ya fi ban haushi, kuma inda wutar lantarki ba ta tsayawa ya fi yawa.

Lambar da rauta ke bai wa na'ura aro ce. Tsarin da ke rabon, mai suna DHCP, kan ba da ita ne na wani wa'adi, sau da yawa kwana ɗaya, sannan a sabunta. Muddin na'urar na nan a kunne, takan ci gaba da riƙe lambarta.

Amma idan aka ɗauke wuta, wasu rautocin kan manta wa suka bai wa wace lamba. Da wuta ta dawo, ko aka tayar da janareto, sai su fara rabo daga farko, wanda ya riga isowa ya riga samu. Firintar da jiya take 192.168.1.25, yau ta zama 192.168.1.31, tsohuwar lambarta kuma ta koma hannun wayar wani yaro a gidan.

Kwamfutar da aka gabatar wa firinta ta hanyar adireshi za ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ba a amsa ba, sai ta rubuta Offline. Mai gida ya sake gabatar da firintar, ta yi aiki kwana biyu, wuta ta sake tafiya. Haka ake wayar gari da kwafin firinta ɗaya har uku ko huɗu a jerin kwamfuta, guda ɗaya ne kawai mai rai.

Maganin da ke ɗorewa shi ne a mallaka wa firinta lambarta. Kowace na'urar sadarwa na da wata shaida da aka haife ta da ita, watau adireshin MAC, mai alamomi 12 na lambobi da baƙaƙe, wanda ke cikin takardar nan da firinta ta buga.

Ana shiga shafin rauta ta manhajar intanet, da adireshi da kalmar sirrin da galibi ke rubuce a ƙasanta ko a cikin murfin batirin MiFi, a nemi sashen DHCP, a ɗaure wannan shaidar da lamba guda. Daga ranar, ko sau nawa aka ɗauke wuta, lambar na jiran mai ita.

Ana kuma iya rubuta lamba ta dindindin a jikin firintar kanta, amma sai an yi hattara a zaɓi wadda ke wajen jerin da rauta ke rabawa. In ba haka ba wata rana za a bai wa wata na'urar lamba ɗaya da ita, su duka biyun su rikice. Shi ya sa ɗaurewa daga rauta ta fi kwanciyar hankali.

Masu raba intanet daga wayar Android na da ƙarin wahala, domin sababbin wayoyin kan sauya jerin lambobin gaba ɗaya daga lokaci zuwa lokaci, kuma ba su da wurin ɗaure lamba. A irin wannan hali gara a bar kwamfuta ta nemo firinta da sunanta maimakon adireshi. A iPhone 12 zuwa sama kuma, sai an kunna zaɓin Maximize Compatibility kafin wayar ta koma zangon 2.4 da firinta ke ji.

Tsarin tayar da na'urori ma na da tasiri. Rauta kan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta shirya, firinta kuwa takan riga ta farkawa, ta nemi Wi-Fi ta rasa, kuma ba kowace ce ke saurin sake nema ba. Idan za a kashe komai a sake kunnawa, rauta ce farko, sai firinta, sannan kwamfuta.

Wani lokaci kuma adireshi daidai yake, amma wani tsohon aiki ya maƙale a layi ya tare na bayansa. Share layin, ko sake tayar da sashen Windows mai kula da shi, watau Print Spooler, kan buɗe hanya.

Batun direba

Mataki na ƙarshe shi ne harshe. Shekaru da dama kowace firinta sai da manhajarta ta musamman, wadda ake kira direba, mai aikin tafinta tsakaninta da kwamfuta. Faifan CD da ke zuwa cikin kwali domin wannan ne.

Wannan zamani na shuɗewa. A watan Nuwamban shekara ta 2010 Apple ya fito da AirPrint, wanda ya bai wa iPhone da iPad damar buga takarda ba tare da direba ba. A 2013 kamfanonin Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙawancen Mopria domin yin irin haka ga sauran na'urori. Duka biyun sun dogara ne a kan harshe guda mai suna IPP, wanda yawancin firintocin da aka ƙera cikin shekaru goman da suka wuce ke ji.

Matsalar tsaro ta ƙara ingiza lamarin. A tsakiyar shekara ta 2021 aka gano wata ɓaraka a sashen buga takardu na Windows, wadda aka laƙaba wa suna PrintNightmare, da ke iya bai wa mai kutse iko da kwamfuta baki ɗaya. A watan Satumban 2023 kuma Microsoft ya sanar cewa zai daina rarraba direbobin kamfanonin firinta ta hanyar Windows Update sannu a hankali, shirin da aka tsara kammalawa a 2027.

Abin da wannan ke nufi ga mai firinta a gida shi ne, idan na'urarsa na ɗauke da alamar AirPrint ko Mopria, da wuya ya buƙaci sauke wani abu kafin ya buga takarda. Mai tsohuwar firinta kuwa har yanzu yana buƙatar direba, kuma shafin kamfanin da ya ƙera ta ne kaɗai wurin ɗaukowa.

Wannan gargaɗi na da dalili. Akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon na kamfanonin firinta, waɗanda kan nuna cewa sanya direban ya ci tura, sannan su ba da lambar waya a kira domin neman taimako. Wanda ya kira, za a nemi ya ba da damar shiga kwamfutarsa daga nesa, ko ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.

Tsofaffin bayanai da ke yawo a intanet ma na iya ɓatar da mutum. Duk wanda ya ce a yi amfani da Google Cloud Print ya makara, domin an rufe shi a ƙarshen shekara ta 2020.

Idan babu rauta

Firintoci da yawa na iya watsa nasu Wi-Fi ɗin, wanda sunansa kan fara da DIRECT, kwamfuta ko waya ta shiga kai tsaye. Hanya ce mai kyau a lokacin gaggawa, sai dai kwamfutar kan rabu da intanet muddin tana can.

Firintar da ke da ramin wayar sadarwa kuma, jona ta da rauta ta waya ya fi Wi-Fi tabbas, kuma duk na'urorin gidan za su ci gaba da tura mata aiki ba tare da waya ba. Wayar USB ma na nan, ga wanda takardarsa ba za ta jira ba.

Wa kuma ke ganin firintar?

A ƙoƙarin ganin firinta ta yi aiki, wasu kan bi shawarar buɗe mata ƙofa a rauta domin a iya kaiwa gare ta daga waje. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ƙofar da firintoci da yawa ke karɓar aiki ta cikinta, mai lamba 9100, ba ta tambayar kalmar sirri.

A watan Fabrairun shekara ta 2017 wani mai kutse da ke kiran kansa Stackoverflowin ya ce ya sa firintoci kimanin 150,000 a sassan duniya sun buga saƙonsa na gargaɗi. A ƙarshen 2018 wani ya sake yin haka da kimanin 50,000, yana tallata shafin PewDiePie na YouTube. Duka na'urori ne da aka bari a buɗe ga intanet.

Shi ma ɗan shafin nan na cikin firinta yana da kalmar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta. A watan Yunin shekara ta 2025 kamfanin tsaro na Rapid7 ya bayyana cewa a nau'o'in na'urorin Brother 689, ana iya lissafo wannan kalmar daga lambar da ke jikin na'urar. Kamfanin Brother ya shawarci masu irin waɗannan na'urori da su shiga shafin su sauya kalmar sirrin da kansu, domin sabunta manhajar cikin firintar kaɗai ba ya toshe ɓarakar.